Sabon gida, nesa da ɗakin uwa

A shekarun 1950, a unguwar Bethnal Green da ke gabashin Landan, matar aure kan gama sallamar mijinta zuwa aiki, ta sa jariri a keken turawa, ta nufi gidan mahaifiyarta. Tafiyar ba ta wuce ta 'yan mintoci. A can za a ɗora shayi, a yi cefane tare, tsohuwa ta riƙe jika idan 'yar tana da uzuri. Idan 'ya ta tashi aure, uwar ce za ta tare mai karɓar kuɗin haya, wanda ya santa shekara da shekaru, ta roƙa mata ɗaki a layinsu ko na kusa. Gidajen kuwa sun tsufa, danshi ya cinye bango, akasari babu ɗakin wanka, ban-ɗaki yana can bayan gida. Bama-baman Jamus sun riga sun rusa wasu a Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma kuma ta ƙudiri share sauran.

Ana cikin haka Michael Young, wanda ya tsara takardar manufofin jam'iyyar Leba a zaɓen 1945, ya buɗe wata cibiyar nazarin rayuwar al'umma a tsakiyar unguwar a 1954. Shi da abokin aikinsa Peter Willmott suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna tambayar abin da masu zanen taswirar birni ba su taɓa tambaya ba: yaushe rabonki da mahaifiyarki? Fiye da rabin matan auren da iyayensu mata ke raye suka ce jiya-jiyan nan. Littafin da suka fitar a 1957, Family and Kinship in East London, a kan wannan amsar ya tsaya.

Ba su tsaya a unguwar ba. Sun bi wasu iyalai da hukumar Landan ta kwashe zuwa sabon rukunin gidaje a Debden, cikin yankin Essex, nesa da tsohuwar unguwa. A littafin sun sakaya sunan wurin, suka kira shi Greenleigh. Gidaje ne masu kyau, kada a raina su: ruwan zafi, ɗakin wanka, fili a baya inda yara za su yi wasa, iska mai tsabta. Amma a Bethnal Green shago ɗaya na hidimar mutum 44, a sabon wurin kuwa shago ɗaya ga mutum 300. Matar da ta saba gaisawa da kowa a hanyar cefane ta koma yini a ɗaki, miji ya fita tun asuba, maƙwabta baƙin ido ne. Zuwa ganin uwa ya zama tafiyar jirgin ƙasa da kuɗin tikiti. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to ga ƙafar an yi mata nisa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba a kwasa ba. Sabbin gidajen na masu ƙananan yara ne, don haka matasa suka tafi, tsofaffi suka saura. Peter Townsend, wani matashi a cibiyar, ya zauna da tsofaffi 203 na unguwar, ya fitar da nasa littafin, The Family Life of Old People, shi ma a 1957. Ya tarar tsohuwar Bethnal Green ba zaman jiran a ba ta take yi ba. Tana raino, tana dafa wa jikoki abincin rana, 'yarta kuma tana yi mata wanki da sayayya, ta kwana a kanta ranar ciwo. Ban gishiri ne in ba ka manda, kuma ba ya yiwuwa sai gidajen biyu suna kusa. Da aka ɗauke 'yar, tsohuwa ta rasa mai jinyarta, ta kuma rasa aikin da ke sa ta ji tana da amfani a duniya. Townsend ya bambanta abu biyu da mutane kan haɗa: akwai wanda tun asali ba shi da jama'a, akwai kuma wanda yake da su aka raba shi da su. Ya ga na biyun ne kewa ta fi ci. Ya kuma lura cewa tsofaffin da ba su da dangi a kusa, musamman 'ya mace, su suka fi ƙarewa a gidajen kula da tsofaffi na gwamnati, wuraren da ya bi ya bankaɗo halin da suke ciki a wani littafin a 1962.

Adalci ne a faɗi cewa an soki Young da Willmott. A 2016 masanin tarihi Jon Lawrence ya koma kan takardun hirarrakinsu na asali, ya nuna sun ƙawata tsohuwar unguwa fiye da kima, sun kuma rage muryar waɗanda suka ƙosa su bar ta, suka yi murna da sabon gida. Na yarda da wannan gyaran. Matar da ke renon yara huɗu a ɗaki biyu masu yoyo tana da haƙƙin son ɗakin wanka. Sai dai buƙatar da marubutan suka gabatar ba ta faɗi ba: a gyara ko a sake gina gidajen a inda mutane suke, idan kuma tashin ya zama dole, a tashi dangi tare.

Labarin ya iso Najeriya ta hannun Peter Marris, shi ma ɗan cibiyar. A 1955 hukumar raya birnin Legas, wadda aka kafa a 1928 bayan annobar da ɓeraye suka yaɗa, ta fara rusa eka 70 a tsakiyar tsibirin, ana shirin kwalliyar babban birni kafin 'yancin kai. An tanadar wa waɗanda aka tasa gidaje a Surulere. Marris ya zauna da mutanen ɓangarorin biyu, ya buga abin da ya gani a 1961. A tsibirin, gidan gado ne cike da dangi, mace na kasa kayanta a bakin ƙofa, masu saye na wucewa dare da rana. A Surulere ga tsabta ga sarari, amma babu ciniki, ga kuɗin haya, ga kuɗin mota kullum zuwa wurin nema. Ɗan abin da mutum ke ware wa tsohuwarsa a ƙarshen wata sai ya tafi a hanya. Da yawa ma ba su je Surulere ba, suka cusa kansu a lungunan da ke gefen wurin da aka rushe, cunkoson da aka zo magancewa ya ƙaru a can.

Kafin ya zo Legas, Marris ya yi nazari a kan matan gabashin Landan da mazansu suka rasu, ya saurari yadda suke kwana da tashi da rashin. Da ya zauna rubuta Loss and Change, wanda ya fito a 1974, sai ya haɗa waɗannan matan da mutanen da aka tasa daga tsakiyar Legas a littafi ɗaya, domin ciwon da ya ji a bakin su duka iri ɗaya ne.