'Yan wasan fim ɗin Le Retour d'un aventurier (1966)

Le Retour d'un aventurier fim ne na kaboyi mai tsawon kusan rabin awa, wanda Moustapha Alassane ya shirya a Nijar a 1966. Labarin wani saurayi ne mai suna Jimi da ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da huluna, takalma da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa. Kowa ya ɗauki sabon suna, suka shiga satar dawaki da faɗace-faɗace har suka addabi dattawan gari. Waɗanda suka fito a fim ɗin matasan Yamai ne da ba su koyi wasa a wata makaranta ba. Serge Moati ya ɗauki yadda aka yi aikin a wani fim dabam, Les Cow-boys sont noirs. Biyu daga cikin matasan ne suka riƙe silima sana'a.

Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947, ita ce ta fito a matsayin Reine Christine, mace ɗaya tilo cikin 'yan kaboyin, ba ta ma cika shekara 20 ba. Daga nan Oumarou Ganda ya sa ta a Cabascabo, sannan a Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972, da Saïtane da L'Exilé. Ta yi wasa har a Kodebuwa, a fim ɗin Pétanqui na 1983. Sai dai yawancin matsayin da ake ba ta na fitsararriyar mace ne, ko kishiya mai mugun nufi, kuma 'yan kallo da yawa a wancan zamani ba sa raba ɗan wasa da abin da ya kwaikwaya. Ta sha zagi a titi saboda halin da ba nata ba. Da silimar Nijar ta durƙushe a shekarun 1980, aiki ya yanke mata. Fim ɗin Rahmatou Keïta, Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005, ya same ta a gidan da babu ruwan famfo, ita da 'ya'yanta. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a watan Yuli na 2021. Rashin adalci ne babba a ce macen da ta buɗe wa matan ƙasar wannan ƙofa ta ƙare haka.

Djingarey Maïga, wanda ya fito a matsayin Black Cooper, an haife shi a 1939 a Watagauna ta ƙasar Mali. Ya sake yin wasa a FVVA na Alassane a 1972, kana ya koma bayan kyamara. Fim ɗinsa L'Étoile noire ya fito a 1976, sai Nuages noirs, sai Aube noire na 1983 inda ya sa Zalika. Kusan duk fina-finansa na ɗauke da kalmar baƙi a sunansu. Ya ci gaba da aiki da ɗan abin hannunsa a shekarun da gidajen silima na Yamai ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya fitar da Un coin du ciel noir a 2018.

Shi kuwa Alassane, wanda ya koyi aiki wurin Jean Rouch, ya kuma je Kanada wurin Norman McLaren, ya zauna ƙarshen rayuwarsa a Tawa. A otal ɗinsa na can ya kafa ɗakin aiki, yana haɗa fina-finan zane da na 'yan tsana, irin su Kokoa na 2001, inda kwaɗi ke kokawar gargajiya. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.