Inuwar da ƙarancin wuri ya haifa

Ka taɓa buga Prince of Persia a tsohuwar wayarka a nan Giginyu? To, asalin wasan ya fito ne a 1989. Jordan Mechner ya tsara shi a kwamfutar Apple II mai ma'adanar kilobait 128 kacal, wadda ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai shige ta ba.

Motsin yariman, wanda Mechner ya kwafo daga bidiyon ƙaninsa, ya cinye kusan duk wurin. Ina za a saka abokin gaba? Sai ya ɗauki hoton yariman, ya gusar da shi ɗigo ɗaya, ya haɗa shi da na asali ta lissafin XOR. Sai ga baƙar inuwa, kusan kyauta.

Daga nan labarin wasan ya sauya. Inuwar tana fitowa daga madubi, har ta shanye maka magani. In ka sare ta, kai ma jininka zai ragu. Mafita ɗaya ce: ka mayar da takobi kube, ku haɗe ku zama ɗaya.