Yadda Ƙuri'a Ta Rage Wa Wuƙar Likita Kaifi

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, ina so in ɗan gutsura muku tarihin tiyatar sankarar nono, domin a ganina babu inda aka fi ganin yadda bincike ke kayar da ra'ayin manya kamar a nan.

A shekarar 1894 wani likita Ba'amurke, William Halsted, na asibitin Johns Hopkins, ya buga sakamakon irin fiɗar da yake yi. Shi a fahimtarsa, cutar tana yaɗuwa ne daki-daki, daga nono zuwa kaluluwar hammata, sannan ta wuce gaba. Saboda haka sai ya riƙa cire nonon ɗungurungum, ya haɗa da tsokar ƙirji da kaluluwar duka. Mace takan tashi da ramin ƙirji, sau da yawa kuma hannunta ya kumbura har iyakar ranta. Haka aka bi wannan tafarki kusan shekara 80, don kuwa wa zai ja da babban malami?

To, sai ga Bernard Fisher na Jami'ar Pittsburgh. Shi cewa ya yi ƙwayoyin cutar kan shiga jini tun da wuri, don haka yawan yanka ba zai ƙara wa mace kwana ba. Maimakon a tsaya gardamar baki, sai ya ce a gwada. A raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, kowane kashi a yi masa irin tasa fiɗar, a jira shekaru a ƙirga. Amfanin ƙuri'ar shi ne likita ba zai ware masu sauƙin ciwo ya ba hanyar da yake so ba.

Gwajin da ya fara a 1971 ya nuna cire tsokar ƙirji bai ƙara wa kowa kwana ba. Na 1976 ya gwada cire nono duka da cire ƙullutun kaɗai. Da aka buga sakamakon shekara 20 a 2002, tsawon ran matan bai bambanta ba. Amma an gano wani abu muhimmi: cikin waɗanda aka cire wa ƙullutu kawai, cutar ta dawo a nonon kimanin 39 cikin 100, waɗanda aka haɗa musu da gashi na haske kuwa, kimanin 14. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya fara nasa gwajin a 1973 da mata 701, ya kuma tarar barin nono bai rage wa mace kwana ba.

Aikin bai tsaya nan ba. Daga shekarun 1990 aka koma cire kaluluwar farko kaɗai a duba ta. A 2023 wani gwaji mai suna SOUND a Italiya, da INSEMA a Jamus da Ostiriya a 2024, suka nuna cewa wasu matan masu ƙaramin ƙullutu, waɗanda hoto ya nuna hammatarsu lafiya lau, ana iya ƙyale musu hammatar ba a taɓa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan rangwame na wadda ta zo da wuri ne. A ƙasarmu mata da yawa sukan ɓoye ƙullutu don tsoron a yanke musu nono, har sai ya girma ya fashe, a lokacin kuwa wuƙar da suka guda ita ce kan rage, wani sa'in ma ba ta da amfani. Ga shi kuma wuraren gashi ba su da yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙonku, in kun je hutu gida, ku faɗa wa iyayenmu mata da 'yan'uwanmu cewa ƙullutun da aka kai asibiti yana ƙarami, sau da yawa shi kaɗai ake cirewa.