Garin da Aka Sakar wa Yara Annoba da Gangan

A shekarar 2002 wasu yara suka shiga garinsu na cikin intanet kamar yadda suka saba, sai suka tarar da jajayen ƙuraje sun feso a fuskokin 'yan hotunan da ke wakiltarsu. Wanda ya fara rubuta wa abokinsa magana kuma, sai atishawa ta faɗo tsakiyar zancen ta katse shi. Sunan garin Whyville, cutar kuwa Whypox, kuma masu garin ne da kansu suka sake ta.

Wanda ya kafa garin a 1999 shi ne James Bower, masanin ƙwaƙwalwa a jami'ar Caltech da ke Pasadena, jihar Kalifoniya. Ya daɗe yana aiki da makarantun gwamnati na birnin kan koyar da kimiyya ta hanyar taɓawa da gwadawa. Sunan garin ma daga kalmar Turanci ta tambayar dalili aka ciro shi. An gina shi don 'yan shekara takwas zuwa sha biyar, kuma 'yan mata ne suka fi yawa a ciki, abin da ba a saba gani ba a wasannin kwamfuta na wancan zamani.

Garin na da kuɗinsa mai suna clams, sunan wata halittar ruwa mai ɓawo, kamar dai yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri. Yaro na samun albashi gwargwadon wasannin kimiyyar da ya ƙware a kai. Akwai na mai sulu a kan ƙanƙara, wanda sai ka gano cewa janye hannuwa zuwa jiki ne ke ƙara saurin juyi. Da kuɗin ake sayen ido, hanci, gashi da leɓe, yawancinsu yaran ne ke zanawa suna sayar wa junansu.

To, fuskar da aka tara wa kuɗi aka ƙawata, ita cutar ta ɓata. A ganina nan hikimar take. Da a allo aka rubuta yadda annoba ke yaɗuwa, da wuya darasin ya wuce ranar jarrabawa. Amma wanda ƙuraje suka ɓata wa kwalliya ba ya jiran malami ya tambaye shi: wa ya shafa mini? Kwana nawa za ta yi? In na tsaya kusa da wance zan kamu? Yara suka yi ta zuwa cibiyar yaƙi da cututtuka da aka gina a garin, suna gwada lissafin yaɗuwar cuta, suna rubuta ra'ayinsu a jaridarsu, Whyville Times. Farfesa Yasmin Kafai ta bi diddigin wannan al'amari, kuma a 2013 ita da Deborah Fields suka fitar da littafi kan rayuwar garin, Connected Play. A 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shigo da kanta, aka saki mura ta ƙarya, aka buɗe wurin rigakafi.

Wasu garuruwan sun fi shi tashe. Club Penguin ya bayyana a Kanada a 2005, Disney ya saye shi a 2007 kan dala miliyan 350, sannan ya rufe shi a 2017. Microsoft ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiri wasan Minecraft a 2014, bayan shekara biyu ya fitar da na makarantu, inda ɗalibai ke gina birane da tubalan da suka haƙo da kansu.