BABI NA UKU: TARIHIN TSAKIYAR GARIN AGADAS TA FUSKAR TSOFAFFIN GINE-GINENSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Abzin da mazaunanta. Wannan babi kuwa zai taƙaita ne ga tsakiyar tsohon garin Agadas, wato ɗan yankin da ya ƙunshi fadar Sarki da babban masallaci da gidajen da ke kewaye da su. Yanki ne wanda mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi cikin ƙanƙanen lokaci, amma a cikinsa ne aka gudanar da mulki da ciniki da karatu fiye da shekara 500. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsarin waɗannan gine-gine ya tabbatar da cewa iko a Agadas bai taɓa taruwa a hannu ɗaya ba. Sarki yana da nasa rabo, shugabannin Abzinawa suna da nasu, fatake da malamai ma haka, kuma dukkansu ayari ne yake ciyar da su.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a yi la'akari da wani abu. Ginin ƙasa ba ya zama yadda aka bar shi. Ana yi masa yaɓe, ana sauya azara, wani lokaci bango ya faɗi a sake tayar da shi a kan tsohon tushensa. Saboda haka idan aka ce gini kaza na ƙarni na 15 ne, abin nufi shi ne wurin da siffar ginin, domin ƙasar da ido ke gani a yau tana iya zama ta shekaran jiya.

3.1 Unguwanni da Lunguna

Bisa wannan dalili, shaidar da ta fi kowace tsufa a garin ita ce tsarin lungunansa. Tsohon garin ya kasu zuwa unguwanni 11, kuma babu wadda take da miƙaƙƙiyar iyaka. Masana sun danganta wannan da yadda aka kafa garin a ƙarni na 15 da na 16. Kowace ƙabila ta Abzinawa ta gina gidajenta ne a daidai inda ta saba kafa bukkokinta, sai ratar da ke tsakanin zango da zango ta koma hanya.

Sunayen unguwannin ma abin dubawa ne. Katanga, inda fada take, da Unguwar Bayi, sunaye ne na Hausa. Amdit da Amarewat daga harshen Abzinawa suke. Hugubere kuwa kalmar Songhai ce mai ma'anar babban gida. Ke nan harsuna uku sun bar sawunsu a ɗan wannan fili. Na Songhai ya daina rayuwa a bakin mutanen garin, duk da cewa a tsakiyar ƙarni na 19 ana magana da wani karinsa a can, kuma har yanzu ana jin ɗan'uwansa a garin Ingal. Hausa ita ce ta gaje shi a kasuwa da cikin gida.

3.2 Fadar Sarki

An kafa sarautar Abzin ne wajen shekarar 1405, kuma Yunusa shi ne sarki na farko. Sarakunan farko sun zauna a wasu wurare kafin a dawo da gadon sarauta Agadas a tsakiyar ƙarnin. Labarin gargajiya ya nuna cewa ƙabilun Abzinawa ne suka gaji da rikicin junansu, suka aika wakilai Istambul neman wanda zai shugabance su. Ko da an ɗauki wannan a matsayin almara, akwai gaskiyar da ke ƙunshe a ciki, wato an nemi sarki ne wanda ba ɗan kowace ƙabila ba, don ya zama mai raba gardama. Wannan ne ya sa bisa al'ada ake naɗa wanda mahaifiyarsa ƙwarƙwara ce, domin a wajen Abzinawa da yawa dangin uwa ne ke jan ɗa. Waɗanda suka naɗa sarki kuma suna da ikon tuɓe shi, sun kuwa sha yin hakan.

Fadar da kanta ta dace da wannan matsayi. Ginin bene ne mai kaurin bango da ƙananan tagogi, yana maƙwabtaka da babban masallaci, a gabansa kuma akwai filin Ƙofar Sarki inda ake hawa da taruka. Idan aka kwatanta ta da Gidan Rumfa na Kano, wanda shi ma na ƙarni na 15 ne, za a ga bambanci a fili. Gidan Rumfa kusan gari ne a cikin gari, ita kuwa fadar Agadas gida ce babba a tsakanin gidaje. Ƙarfin yaƙi yana hannun ƙabilun da ke jeji da raƙumansu, abin da ke hannun Sarki shi ne shari'a da sulhu da kuɗin fito. Daga cikin manyan fadawansa akwai Sarkin Turawa, mai kula da baƙin fatake da harajin kayansu. A nan yana da kyau a tuna cewa a wancan zamani kalmar Turawa tana nufin Larabawan da ke zuwa daga Gadamus da Gat da Tarabulus ne.

3.3 Babban Masallaci

Babu ginin da aka san Agadas da shi kamar hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27 ne, da tubalin ƙasa zalla aka yi ta, kuma ita ce mafi tsawo a duniya cikin irinta. Gindinta faffaɗa ne, tana tsukewa a hankali har zuwa ƙololuwa, da matakala a ciki. Itatuwan da suka fito daga jikinta ta kowace fuska suna ɗaure ginin, sannan a kansu ne magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Ban da kiran salla, an yi amfani da ita wajen hango ayari ko mahara tun suna nesa.

Ana danganta ginin masallacin ga wani bawan Allah mai suna Zakariyya, a shekarar 1515. Shekarar tana da muhimmanci, domin a daidai lokacin ne Askiya Muhammadu na Daular Songhai ya ci garin ya ɗora masa haraji. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya siffanta Agadas na wancan zamani a matsayin gari mai ganuwa wanda yawancin mazaunansa baƙin fatake ne. Ke nan hasumiyar ta tashi ne a lokacin da hanyar da ta taso daga Gawo ta bi ta Agadas zuwa Masar take cike da fatake da alhazai. Siffarta ma ta fi kama da ta kabarin Askiya da ke Gawo fiye da ta masallatan ƙasar Hausa.

Sai dai hasumiyar da ke tsaye a yau an sake gina ta ne a shekarar 1844. Wannan shi ne babban misalin abin da aka faɗa a gabatarwa. Abin lura kuma shi ne, an yi wannan gagarumin aiki ne a lokacin da garin yake cikin koma-baya, wanda ke nuna irin matsayin da masallacin yake da shi a zukatan mutanen garin.

Dangantakar garin da ilimi ta riga hasumiyar. A ƙarshen ƙarni na 15 Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Agadas da Sarkin Katsina wasiƙar nasiha daga Masar. Bayan kusan shekara 300 kuma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo Agadas ya yi karatu a wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru.

3.4 Masaukin Barth da Gidan Anastafidat

A cikin lungunan tsohon garin akwai wani ƙaramin gida wanda ba shi da wani ado na a zo a gani. Darajarsa ita ce a nan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a watan Oktoba na shekarar 1850. Ya tarar da bikin naɗin Sarki Abdulƙadir, ya kuma bar bayanin garin dalla-dalla. Ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin mutum 7,000, ya kuma ga unguwanni da dama sun zama kango.

Dalilin wannan koma-baya ba ɓoyayye ba ne. Bayan da sojojin Maroko suka karya Daular Songhai a shekarar 1591, cinikin da ke zuwa daga Gawo ya yi rauni. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 rikicin ƙabilu ya sa fatake da yawa suka yi ƙaura zuwa Katsina da Tasawa da Maraɗi da Kano. Abin da ya riƙe garin bai mutu ba shi ne ayarin gishiri. Abzinawa kan ratsa Tenere zuwa Bilma su ɗauko kantu da dabino, su gangara da su ƙasar Hausa, su komo da gero da turkuɗi da sauran kayan saƙa. Wato garin ya juya fuskarsa daga yamma zuwa kudu, kuma wannan shi ya bayyana yadda Hausa ta maye gurbin harshen Songhai. Barth da kansa ya ji ana kiran babban masallacin da sunansa na Hausa.

Ƙabilar Kel Owi ita ce ta fi riƙe wannan hanya ta kudu, har ma gidan da Barth ya sauka na ɗaya daga cikin shugabanninta ne, wato Annur na Tintallus. Babban shugabanta ana ce masa Anastafidat, kuma yana da nasa gidan sarauta a cikin tsohon garin, mai zaure da ɗakuna da yawa. Samun gidan sarauta na biyu, 'yar tafiya kaɗan daga fadar Sarki, ya isa hujja a kan rabuwar ikon da ake magana a kai.

3.5 Gine-ginen Shekarar 1917

Daura da babban masallaci akwai ginin da aka fi sani da Fadar Kawusan, wanda daga baya aka mai da shi masaukin baƙi mai suna Hôtel de l'Aïr. Babban ɗakinsa yana da rufin bakan gizo irin na maginan Hausa. Sarki Abdurrahman Tagama ne ya tanadar wa Kawusan shi, a lokacin da su biyun suka haɗa kai don korar Faransawa, waɗanda suka kafa sansani a garin tun farkon ƙarni na 20.

Kawusan ya iso da rundunarsa a watan Disamba na shekarar 1916, da goyon bayan 'yan Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Ƙawanyar ta ci gaba har zuwa farkon watan Maris na 1917, lokacin da sojojin agaji suka iso daga Damagaram. Ramuwar da Faransawa suka yi ta yi muni ƙwarai. An kashe mutanen gari fiye da 100, cikinsu har da malamai, an kwashe dabbobi, jama'a da yawa kuma suka watse zuwa kudu. An kashe Kawusan a Murzuk ta ƙasar Fezzan a shekarar 1919, shi kuma Tagama aka kashe shi yana tsare a hannun Faransawa a 1920.

Akan rubuta 1917 a matsayin shekarar gina wannan fada. Amma idan aka duba cewa wata biyu kacal na wannan shekara garin ya yi a hannun Kawusan, kuma ana cikin yaƙi, hankali ya fi karkata ga cewa an fara aikin tun kafin isowarsa. In haka ne, ginin da kansa shaida ne cewa Tagama ya daɗe yana shirin wannan tawaye a kan idon Faransawa.

Gidan Sidi Ka, wanda aka fi sani da gidan mai burodi, shi ma shekarar 1917 ake ba shi. Bene ne wanda aka ƙawata cikinsa da zanen ƙasa tun daga bango har rufi, har da gurabun jera kwanoni da tasoshi. Gidan ɗan kasuwa ne, ba shi da alaƙa da sarauta, kuma yana nuna cewa akwai masu sana'a da suka sami wadata a sabon zamanin. Amma babban cinikin hamada ya riga ya tafi, domin tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911 kayan da a da ke bi ta Agadas zuwa Tarabulus suka koma bin hanyar Ikko. A wannan gida ne aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin The Sheltering Sky na shekarar 1990.

3.6 Halin da Gine-ginen ke Ciki

Faransawa sun kafa barikinsu da ofisoshinsu ne a wajen tsohon garin, haka kuma bunƙasar da ta biyo bayan fara haƙar yuraniyom a Arlit a shekarar 1971 ta fi shafar sababbin unguwanni. Wannan, tare da talaucin da ya hana mutane rushe gidajensu su yi na zamani, shi ya sa tsakiyar garin ta tsira da siffarta. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Masu yawon buɗe ido, waɗanda a da kuɗinsu ke taimakawa wajen gyara, sun ragu ƙwarai sakamakon tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 da rashin tsaron da ya biyo baya. Babbar barazana kuwa ita ce ruwa. An yi waɗannan gine-gine ne don ƙasar da ruwan sama bai cika yawa ba. A watan Satumba na 2009 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a garin, daminar 2024 ma ta yi ɓarna a tsofaffin unguwanni. Wasu masu gidaje kan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin kare shi, alhali siminti yana hana danshi fita, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki har ɓawon ya ɓamɓare ya faɗo da ita. A wannan damina ta 2024 ne tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a ƙarni na 19, ya rushe a ranar 3 ga watan Satumba.