Mario a Tafin Hannu

A shekarar 1985 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Super Mario Bros., wasan da Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara. Mario kan ruga daga hagu zuwa dama yana tsallake ramuka cikin matakai 32, kuma sai a talabijin ake buga shi. A 1999 aka sake ƙera shi domin Game Boy Color, na'urar da ke shiga aljihu, da sunan Super Mario Bros. Deluxe.

Sai dai wannan ƙaura ta zo da asara. Faɗin hoton asali ɗigo 256 ne, na sabon allo kuwa 160 kacal. Maimakon a ƙanƙance Mario, sai aka rage filin da ido ke hangowa, har mai wasa kan yi tsalle bai ga inda zai dira ba. Don sassauta wannan, aka ba shi damar leƙa sama da ƙasa, da ajiye wasa inda ya tsaya.

Matakan suna nan yadda suke, amma wasan da a dā ya dogara ga hangen nesa ya koma neman hadda da haƙuri.