Ɗakin Wasa a Cikin Gida: Tarihin Teburin Biliyad da Hauren Giwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne asalin al'adar nan ta keɓe ɗaki guda a gida domin wasa kawai, wadda wasu manyan ma'aikatanmu suka fara ɗauka. Zan bi tarihin ta hanyar wasan biliyad, watau uban wasan da samarinmu ke kira sunuka, domin shi ne ya sa Turawa suka fara gina irin wannan ɗaki.

Asalin biliyad wasan fili ne da ake bugawa a kan ciyawa a ƙasashen Turai. Da aka shigo da shi cikin gida, sai aka ɗora shi kan tebur, aka shimfiɗa koren ƙyalle a madadin ciyawar. Teburin farko da tarihi ya kiyaye labarinsa na Sarkin Faransa ne, Luwi na 11, wanda ya yi mulki daga 1461 zuwa 1483. Ashe tun farko wasan ya samu shiga fada.

A ƙarni na 19 attajiran Ingila suka mai da ɗakin biliyad wani ginshiƙin gidan mai hali. Wani maƙerin tebur a Landan, John Thurston, ya fara shimfiɗa falalen dutse ƙarƙashin ƙyallen a 1826, saboda katako yana karkacewa. Cikakken tebur tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, kuma dole a bar filin jan sanda ta kowane gefe. Saboda haka tebur shi ke yanka wa ɗaki girmansa. Yawanci ɗakin na maza ne, kusa da inda ake shan taba. Hafsoshin Ingila kuwa suka kai wasan duk inda suka yi mulki, har a garin Jabalpur na Indiya, a 1875, suka ƙago sunuka.

To, a nan ne tarihin ya shafi Afirka. Ƙwallon da ake bugawa da hauren giwa ake sassaƙa shi, kuma haure guda ba ya ba da sai 'yan ƙwallaye kaɗan. Da yawan hauren daga Afirka ya fito, ta kasuwanni irin su Zanzibar, kuma sau da yawa bayi ne suka ɗauko shi a ka daga tsakiyar ƙasa zuwa gaɓar teku. Watau annashuwar mutum biyu a ɗaki ɗaya, giwa da bawa suka biya kuɗinta.

Da haure ya yi tsada, sai aka shiga neman madadi. A 1869 wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya yi rajistar hanyar yin ƙwallo ba da haure ba, binciken da ya kai shi ga ɗaya daga cikin robobi na farko a duniya. Daga baya, a 1907, Leo Baekeland ya ƙago wata roba mai tauri, kuma da danginta ake yin ƙwallayen yanzu. Amma cinikin haure tsakanin ƙasashe sai a 1989 aka haramta shi. Arhar kaya ita ta sauko da ɗakin wasa daga fada zuwa gidan mai albashi, har a 1972 kamfanin Magnavox ya fitar da na'urar farko ta yin wasa a talabijin ɗin gida.

Jama'a, mu ma muna da wurin wasa. Kakanninmu sun yi dara a ƙofar gida ko a gindin bishiya: gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ba a kashe ko anini ba, kuma duk mai wucewa yana iya tsugunawa ya sa baki. Ɗakin Bature kuwa yana da ƙofa, sai wanda aka gayyata. Saboda haka duk ma'aikacin da zai gina ɗakin wasa, ina roƙonsa ya tambayi kansa abu biyu: wa ya biya kuɗin kayan da ke ciki, kuma wa za a bari ya shiga? In zai yiwu, ya buɗe ƙofar ta wajen zaure.